Turai gari goma, mu kuma hamada ɗaya: zare kan gine-ginen cikin gem

1/ Akwai wani rainin hankali da masu haɗa gem ɗin almara suka daɗe suna yi mana, mu kuma muna ta tafa musu. Yau dai sai na amayar da shi. Zaren da tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare 🧵

2/ Ɗauki duk gem ɗin da ka ga dama mai takubba da tsafi da dodanni, ka buɗe taswira. Arewa dusar ƙanƙara da gidajen katako. Tsakiya birnin dutse mai ganuwa. Gefe garin masu gonar inabi, can kuma garin 'yan kasuwa a bakin teku. Kowanne da irin rufinsa, da irin tagarsa. To gangaro kudu.

3/ Rairayi. Ƙubba mai ruwan zinare. Bishiyar dabino uku. Raƙumi. Kasuwa mai rumfunan ƙyalle da wani mai rawani da ke shirin cutar ka. Bayan gari kuma dala irin ta Fir'auna cike da kunamu. Shi ke nan fa. An gama da Larabawa da Farisa da Indiya da Afirka a lungu guda.

4/ Al Kharid a RuneScape. Lut Gholein a Diablo II, 2000. Caldeum a Diablo III, 2012. Sentinel a Elder Scrolls Online. Kamfanoni daban, shekaru daban, amma ka goge sunayen ka jera hotunan, wallahi sai ka rantse ɗan kwangila ɗaya aka ba aikin.

5/ Na san abin da wasu suka fara rubutawa tun ba su gama karantawa ba: "Malam gem ne fa, ƙage ne, dodo na tashi sama yana feso wuta kai kana maganar rufin ɗaki." Ku ɗan jira, zan zo kanku. Bari in fara nuna yadda abin yake in an yi shi da hankali.

6/ Morrowind. Bethesda, 2002. Kusan sa'ana ne. Hotonsa a yau abin tausayi, fuskokin mutane kamar da gatari aka sassaƙa su. Amma har gobe ban ga gem ɗin da ya kai shi sanin amfanin gini ba.

7/ Tsibiri ɗaya ne, Vvardenfell, da dutse mai aman wuta a tsakiyarsa. Ƙabila ɗaya ce ke da ƙasar, Dunmer. Amma manyan gidajen sarauta uku ne suka raba ta, kuma in aka ɗaure maka ido aka jefa ka a wani gari, kana buɗewa ka san a ƙasar wa kake. Ba sai ka duba taswira ba.

8/ Gidan Redoran mayaƙa ne, suna zaune a yankin da guguwar toka ke saukowa daga dutsen. Gidajensu a dunƙule suke, ba kusurwa, kamar an kife ƙwarya, yadda toka za ta zame ta wuce. Yawancin ɗakunan ma a ƙarƙashin ƙasa suke. Manyansu a Ald'ruhn kuwa, a cikin ɓawon wata shirgegiyar ƙaguwa da ta mutu tun zamanin da suka gina fadojinsu.

9/ Ba wanda ya buɗe baki, amma ka riga ka ji labari biyu: iskar wurin nan ba ta da imani, kuma mutanen nan suna kwana a cikin abin da suke alfaharin kakanninsu sun kashe.

10/ Gidan Telvanni matsafa ne, kowa sarkin kansa. Su ba sa gini, shuka suke yi. Hasumiyarsu laimar kwaɗi ce da aka rena da tsafi har ta kai tsayin dogon bene. Ga inda abin ya kashe ni: hanyar zuwa sama ba matakala. Rami ne kawai a tsaye. In ba ka iya tsafin tashi sama ba, ba za ka ga maigidan ba.

11/ Girman kai ne aka mayar gini. Ba sai an ajiye dogari a ƙofa yana cewa talaka ba ya shiga ba, rashin matakalar ya faɗa. Kuma dole ka koma ka nemo maganin tashi ko ka koyi tsafin, ka ga ginin ya shigo har cikin yadda kake buga gem ɗin.

12/ Gidan Hlaalu 'yan kasuwa ne. Garinsu Balmora, gidajen ƙasa masu shimfiɗaɗɗen rufi a gaɓar kogin Odai, gadoji, kantuna, unguwar masu hali a kan tudu. Su suka fi ɗasawa da Daular da ta mamaye ƙasar. Kana fita gari kaɗan sai ga barikin sojan Daular, Fort Moonmoth, dutse da hasumiya irin na Turai, ya yi tsuru a wurin kamar baƙon da ba a gayyata ba.

13/ Caldera sabon gari ne da Daular ta kafa saboda ma'adini, gidaje sak irin na ƙasarsu, bayi na haƙa a rami. A birni mai tsarki na Vivec kuma, ɓangaren farko da za ka tarar sunansa ma unguwar baƙi, nan aka ware wa wanda ba ɗan ƙasa ba.

14/ Wanda ya taso a Kano ba sai an yi masa fassara ba. Birni a cikin ganuwa, Sabon Gari a waje, Nasarawa ta Bature can gefe da faffaɗan titi da inuwar bishiyoyi. Mun san yadda mulkin mallaka yake zama a kan taswira. Gem ɗin 2002 ma ya sani.

15/ Duk garin da ya amsa sunansa, a gem ko a zahiri, gininsa na gaya maka me mutanen ke da shi a hannu, me suke tsoro, wa ke da iko, wa aka hana shiga. "Garin hamada" kuwa ko ɗaya ba ya amsawa. Ƙubbar nan da me aka gina ta? Ina aka samo itacen? Ina suke ɗebo ruwa? Ina suke zuba hatsi? Ba wanda ya tambaya, domin ba a ɗauka mutane ne ke zaune a ciki ba.

16/ Kamfanin nan dai ya fitar da Skyrim a 2011, wanda na san shi yawancinku kuka fi sani. A nan rabin aiki suka yi. Windhelm tsohon birni ne na baƙin dutse. 'Yan gudun hijirar Dunmer, waɗanda dutsen can na Morrowind ya fashe ya kora, an cusa su a unguwa ɗaya mai ƙunci da datti. 'Yan ƙabilar Argonian ko cikin ganuwa ba a bari su kwana ba, suna can bakin ruwa.

17/ Markarth mutane ne suka tare a kangon wata al'umma da ta ɓace, suna kwana a gadon dutse cikin gidajen da ba su suka gina ba. Riften katako ne a kan ruwa, ɓarayi na zaune a magudanar ƙarƙashinta. Madalla, waɗannan garuruwa ne.

18/ Amma je ka Morthal, Dawnstar, Falkreath da Winterhold. Ɗaya a fadama, ɗaya a bakin teku mai ƙanƙara, ɗaya a kurmi, ɗaya a kan gaɓar da ta rufta. Gida iri ɗaya, jinka iri ɗaya, fadar sarki iri ɗaya. 'Yan wasa suka yi ta ƙorafi, har wasu suka zauna suka ƙera gyaran da kansu, kyauta, don kowane gari ya samu kamanninsa.

19/ Ku riƙe wannan. An maimaita wa mutane gida ɗaya a ƙauyuka huɗu na lardi ɗaya, suka ce ba su yarda ba. Mu an haɗa mana nahiya biyu a kasuwa ɗaya muna cewa "kai, ka ga rawani, ashe sun san da mu."

20/ The Witcher 3, 2015, aikin 'yan Folan, CD Projekt Red. Velen bukkokin talakawa ne da taɓo da gawarwaki a rataye, ƙasar da yaƙi ya tattake. Novigrad jan bulo da tashar jiragen ruwa, har da ƙaton injin ɗaga kaya na katako irin wanda ke tsaye a Gdansk. Skellige dogayen zaurukan katako a tsibirai. Toussaint da aka ƙara a 2016, gonakin inabi da fenti kala-kala.

21/ Huɗu ke nan, kuma duk Turai ce. Sun san bambancin ƙauyen Folan da birnin fatake na bakin teku don a ciki suka girma. Sai ga mutanen Ofier, ƙasar "can nesa", sun iso a Hearts of Stone: tanti, rawani, doki, magana mai wani irin kari, da yariman da aka mayar kwaɗo. Ko gari ba a ba su ba.

22/ Yanzu ga wanda ya fi ci mini rai, don shi ne a wayoyinmu. Genshin Impact, na kamfanin miHoYo da ke Shanghai, tun 2020. Ƙasashe bakwai. Mondstadt Jamus ce, da injin niƙa mai aiki da iska da ƙatuwar majami'a. Inazuma Japan. Fontaine Faransa da ɗan ɓurɓushin Ingila. Liyue kuwa Chaina ce, wato gida.

23/ Ku ga yadda ake yi wa gida hidima. Duwatsun Liyue daga wurare na gaske aka ɗauko su, irin su Zhangjiajie da Guilin. Bikin fitilu duk shekara. Yun Jin mai wasan gargajiya, ƙwararriyar mawaƙiya ta gaske aka ɗauko ta rera mata. A farkon 2024 suka ƙara Chenyu Vale, ƙauyen masu ganyen shayi, farin bango da baƙin rufi irin na yankin Anhui.

24/ Wato a cikin Chaina ɗin ma sun san gidan wannan lardi daban yake da na wancan. Ba su ce "ai duk Asiya ce" su ɗora rufin Japan a kan Liyue ba. Da sun yi, da ba su kwana lafiya a intanet ɗin ƙasarsu ba.

25/ Sai Sumeru a 2022. Alhaitham daga Ibn al-Haytham na Basra. Tighnari daga wani masanin noma na Andalus. Dehya daga sarauniyar Barbar ta Arewacin Afirka. Nilou da Nahida daga Farisa. Sunan ƙasar kansa daga Indiya. Hamadarta kuma dalar Masar. Tun daga Sifen har Indiya, ƙasa ɗaya, babban birni ɗaya a kan bishiya.

26/ Natlan a 2024 ta ma fi. Kinich daga Maya, Xilonen daga Aztek, Mualani daga Hawai, Mavuika daga Mawori na Niyu Zilan, Ororon daga Olorun na Yarbawa. Meziko da Ile-Ife da tsibiran tekun Pasifik a tukunya ɗaya. Me ya haɗa su? Rana tana dukansu, shi ke nan.

27/ An yi ta rigima a kan launin fatar 'yan Sumeru da Natlan, kuma masu rigimar da gaskiyarsu. Amma ko gobe suka duhunta fatar kowa, matsalata tana nan daram. Canza fata aikin minti biyar ne a kwamfuta. Gari kuwa ba ya ginuwa sai ka san mutanen, ka san abin da suke ci da inda suke ajiye baƙo.

28/ To 'yan "gem ne kawai", ga ni na iso. In ƙage ne kuma komai ya halatta, me ya sa ba a taɓa yin kuskuren dasa hasumiyar Japan a tsakiyar Mondstadt ba? Me ya sa dokar "komai ya halatta" ba ta fara aiki sai an tsallako Bahar Rum?

29/ Dodo mai feso wuta ƙage ne, mun ji. Amma mutumin da ke gudun dodon yana bukatar inuwa da ruwa da rumbu. A kan waɗannan ƙagen yake tsayawa. In garin na kwali ne, dodon ma ba ya ba da tsoro, don ba abin da zai ƙona ka ji zafi a ranka.

30/ Wani zai ce ai Morrowind ɗin da kake ta yabo shi ma haɗe-haɗe ne. Ƙwarai kuwa. Akwai ƙamshin Masar da Japan da Indiya a ciki, har da tantin makiyaya irin na Mongoliya. Bambancin dafa-duka da haɗin gambiza ke nan. Su sun dafa har ya zama abu ɗaya mai ɗanɗanon kansa, kowane gini da dalilinsa a cikin duniyar. Ba su tsinto sunan abin bautar wasu sun manna wa bango ba.

31/ Sai 'yan lissafi: "gini kala-kala tsada gare shi." Haka ne. Yadda ake yi shi ne a ƙera bango da ƙofa da taga da rufi guntu-guntu, a riƙa harhaɗawa kamar bulo. Kowane sabon salo sabon saiti ne, aikin watanni. Amma wa ake kashe wa kuɗin? Turai saiti biyar, mu saiti ɗaya. Wani ne ya zauna a ofis ya yanke haka.

32/ Don kada a ce ba ni da adalci: garin Gerudo a Zelda Breath of the Wild, 2017, an yi tunani a kansa. Ruwa na gangarowa daga dutsen da ke saman fada yana bin magudanai a kan katangu, ka ga dalilin da gari ya zauna a nan. Kuma tunda an hana maza shiga, sai ga 'yar kasuwa a waje a bakin tafki inda fatake maza ke yada zango. Doka ta haifi wuri.

33/ Sai dai ku tuna daga inda aka taso. A Ocarina of Time na 1998, Gerudo ɓarayin hamada ne, tambarinsu jinjirin wata da tauraro, sai daga baya Nintendo ta canza shi. Shekara 19 kafin ɓarayi su samu magudanar ruwa.

34/ Abin da ke ƙona ni shi ne, abin da suke tsallakewa ya fi abin da suke ƙirƙira ban mamaki. Ku bar Larabawa da Indiyawa, za su yi wa kansu magana. Mu tsaya a yankinmu kawai, inda kayan ginin ma iri ɗaya ne: ƙasa, ruwa, ciyawa, itace.

35/ Agadas: hasumiyar masallaci ta ƙasa zalla, mita 27, tana tsukewa tana hawa. Jenne a Mali: masallacin da aka sake ginawa a 1907, duk shekara gari gaba ɗaya ke fitowa a yi masa yaɓe kamar ranar sallah. Sandunan nan da kuke gani sun fito daga bango, a kansu ake takawa a hau. Wane mai haɗa gem ne ya taɓa ba ka aikin "yau ranar yaɓe ce, ɗauki kwando"?

36/ Musgum, a iyakar Kamaru da Chadi: ɗakuna dogaye masu siffar ƙwai, jikinsu duk tudu-tudu. Tudun nan na karya gudun ruwan sama, kuma shi ne matakala in za a gyara. Telvanni na ƙage sun cire matakala don kada kowa ya hau. Musgum na gaske sun mayar da bangon gaba ɗaya matakala. Ku nemo hoton ku gani, sai ku ce daga gem aka ciro shi.

37/ Mu zo gida. Azara, wato tsagin giginya, gara ba ta cin ta, amma in tazarar ta wuce kamar mita biyu sai ta fara lanƙwasa da nauyin ƙasa. Wannan kaɗai ya yanke faɗin ɗakin talaka. Mai son babban soro sai ya nemo maginin da ya iya bakan gizo, a ɗaura azara a kan azara a lulluɓe da ƙasa har ta yi baka. Don haka kana ɗaga kai ka kalli rufi ka san arzikin maigidan.

38/ Ƙarshen wannan fasaha shi ne masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen shekarun 1830. Ga zankwaye a kusurwar soro, ga indararo na watsa ruwa nesa da bango, ga makuba da ke hana ruwa cin yaɓe, ga zanen dagi a fuskar gidajen Birni a Damagaram. Ƙasar Hausa kaɗai ta ishi saiti uku.

39/ Kuma kada wani ya ce ai tarihi ne. Masallacin Yama a jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara shi a 1962, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Zamanin iyayenmu ne.

40/ Amma abin da na fi so mai haɗa gem ya sata, in zai sata, shi ne zaure. A kusan duk gem ɗin almara, jarumi na banka ƙofar mutane ya shige har ɗakin kwana, ya buɗe akwati, ya kwashe, maigida na tsaye yana kallo. Link na Zelda har tukwane yake fasa musu 😂

41/ Gidan Bahaushe ba ya yarda da wannan. Ka yi sallama a ƙofa. A zaure ake ganin ka, nan maganarka za ta ƙare in kai baƙo ne. Ƙofar ciki ba ta kallon ta waje, don kada ido ya zarce. Bayan zaure akwai fili, sai shigifa, sannan cikin gida, sannan turaka. Kowane mataki da wanda aka yarda ya taka shi.

42/ Yanzu ka ɗauka gem ne. Labarin da kake nema yana wurin wata tsohuwa a cikin gida. In namiji ka zaɓa, iyakarka zaure, sai ka nemi yaron da za ka aika, ko ka yi shekara kana gina amana. In mace ka zaɓa ka wuce kai tsaye, amma fadar da ake yanke hukunci ta yi maka wuya. Taswira ɗaya, gem biyu. Wannan ya fi ramin Telvanni, kuma ba a bukatar tsafi.

43/ Age of Empires ba almara ba ne, amma ya nuna abin ƙarara. A 2015 suka ƙara Mali da Habasha a kashi na biyu, suka ba su saitin gini ɗaya mai suna "na Afirka". Tambutu ta ƙasa da Lalibela da aka sassaƙa majami'unta daga cikin dutse, wai gidansu ɗaya.

44/ A 2021 kuma kashi na uku ya kawo Hausa da sunanta. Kano ce babban birni, Sarauniya Amina ce jagora, ga mahaya masu lifidi, ga sojoji na amsa umarni da Hausa. Duniya ba ta tashi ba, kamfanin bai karye ba. Ashe dai ana iyawa.

45/ To yanzu in juyo kanmu, don ba zan yi zare mai tsawon nan ina zagin baƙi kaɗai ba. Black Myth: Wukong ya fito a Agustan 2024, ya sayar da kwafi miliyan 10 a kwana uku. Gidajen ibada da gumakan da ke ciki na gaske ne, na'ura aka kai aka ɗauki siffarsu ta kowane ɓangare. Wurare 36, 27 daga ciki a lardin Shanxi. Bayan fitowarsa masu yawon buɗe ido suka yi wa lardin tsinke.

46/ Sun iya yin haka ne don ginin yana tsaye. Na'ura ba ta ɗaukar hoton abin da aka rushe.

47/ Mu fa? Ganuwar Kano ana ta yankar ta, nan an haƙi ƙasa, can an dasa shago. Tsohuwar Ƙofar Na'isa an rushe ta don faɗaɗa titi aka maye gurbinta da siminti. Masallacin Babban Gwani tun shekarun 1970 aka lulluɓe abin da ya rage da sabon gini. Mai son ganin yadda yake a da sai ya tafi Jos, gidan tarihin gine-ginen gargajiya, ya kalli kwafi.

48/ Kuma a bakinmu "gidan ƙasa" zagi ne. Fim ɗin Hausa in ana son nuna mutum ya yi arziki sai tayil da ginshiƙan Rumawa. Ku duba hotunan "Kano a 2050" da ake ta haɗawa da AI ana yaɗawa a nan: Dubai ce aka sa wa hula. Na ga zanen Sarauniya Amina da ɗan Arewa ya yi, a bayanta fadar Aladdin ce da ƙubbar zinare. Saitin hamadar nan da nake zagi, mun haddace shi har muna zana kanmu da shi.

49/ Akwai masu ƙoƙari. Kiro'o Games a Yawunde sun fitar da Aurion a 2016. Abubakar Salim, ɗan wasan Birtaniya mai tushe a Kenya, ya fitar da Tales of Kenzera: Zau a 2024, ya tsaya a kan al'adun Bantu bai ce zai ɗauke Afirka duka a kai ba. Ku saya in da hali, ku daina jiran na sata.

50/ Bethesda ta sanar da Elder Scrolls VI tun 2018, kuma ana ta raɗe-raɗin a Hammerfell za a yi shi, ƙasar baƙaƙen fata ta wannan duniyar. In haka ne, ranar da hotuna suka fito kowa zai tafi kallon takobi da fuska. Ni rufi zan kalla. Garin bakin teku da na tsakiyar hamada da na kan dutse, in duk ƙubba ɗaya ce, to kamfanin da ya yi Ald'ruhn a 2002 ya san abin da ya yi, ba mantuwa ba ce.

51/ Kafin nan, masu karatun zanen gine-gine da masu kwamfuta da ke nan: wayar hannunku ta isa. Akwai manhaja kyauta irin RealityScan. Ka zagaya tsohon soro kana ɗaukar hoto, kowane hoto ya haɗa da rabin na bayansa, sama da ƙasa, guda ɗari ko fiye, ita za ta haɗa maka siffarsa. Zanko, indararo, bakin zaure, rufin ciki in an bar ka.

52/ Lokacin hazo ya fi, don rana tsaka inuwa na ɓata aikin. A rubuta unguwa da sunan maginin in tsofaffi sun tuna. Kuma a nemi izinin maigida tukuna, ba gidan Zelda ba ne.